Ƙofar Ɗakin Baba

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu, da fatan kana lafiya. Ya aiki, ya haƙuri da zaman daji? Na nemi wayarka har na gaji, kullum sai muryar matar nan mai cewa ba a samunka, shi ya sa na ba direban da ke kai muku siminti wurin ginin madatsar ruwa wannan takarda.

An sallamo Baba daga asibiti, muna gida. Likita ya ce hawan jini ne ya kayar da shi. Ɓarin dama ya shanye, hannu da ƙafa, baki ya ɗan karkace, magana kuma ta tafi. Yana ji yana gani, in ka ce ya ɗaga hannun hagu zai ɗaga, amma in ya buɗe baki sai gurnani. Na kwaso keken ɗinkina daga shago na dasa a falo don in riƙa jin motsinsa. Masu kaya suna ta haƙuri da ni, ko da yake na wasu ya fara ƙarewa.

Jama'ar coci sun yi mana kara, ba ni da bakin gode musu. Matan zumunta su zo da safe, 'yan ƙungiyar waƙa da la'asar, dattawa in sun taso aiki. Ɗakin Baba ba ya rabuwa da mutum. Addu'a kuwa ana yin ta da ƙarfi har maƙwabta na amsa amin ta kan katanga.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kowace safiya, da gari ya fara haske, sai Baba ya tayar da rigima. Ya ja jiki zuwa bakin gado, ya zuro ƙafar hagu, ya sulale. Ranar farko a ƙasa na tarar da shi, gwiwa a kan siminti, goshi a jikin katifa. Ihu na yi, maƙwabcinmu mai gyaran rediyo ya rugo muka ɗaga shi, yana ture mu. Tun daga ranar nake shimfiɗa tabarma a ɗakinsa. Sai kuma ya shiga nuna ƙofa da hannu, yana nunawa yana gurnani. Na ce to, iska yake so. Muka ɗora shi a keken marasa lafiya za mu fitar da shi tsakar gida, wallahi sai ya damƙe katakon ƙofar da hannun hagun nan, mu biyu muka kasa ɓamɓare shi.

Jiya abin ya kai inda ban zata ba. Na gaya wa Fasto cewa da safe ne abin ke tashi, shi kuma bawan Allah ya yi sammako ya zo. Ya ɗora wa Baba hannu a ka, ya fara addu'a ke nan, Baba ya kai wa kofin ruwa mari, ruwan ya ƙare a wandon Fasto. Babanmu fa, Yaya, kafintan nan da ko kaza bai taɓa yi wa tsawa ba. Fasto ya goge wando ya ce ciwo ne, kada in sa a raina. Amma na ji wata cikin matan tana raɗa wa 'yar'uwarta cewa ba a banza mutum ke birkicewa in an ambaci sunan Yesu ba.

Ban san ko hankalinsa ne ya taɓu ba, ko kuwa zuciyarsa ce ta juya wa Allah baya a ƙarshen kwanansa. Na farkon zan iya ɗauka. Na biyun ne ke hana ni cin abinci.

Ka gaya mini abin da zan yi. Ubangiji ya kiyaye ka.

Taka ƙanwa,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarki ta iso, na karanta da kyau, na kuma fahimci halin da ake ciki. Sannu da ƙoƙari.

Kada a bar Baba shi kaɗai ko na ƙiftawar ido. Faɗuwa ta biyu ita ke karya ƙugu, kuma mai shekarunsa in ƙugu ya karye ba ya tashi. Ki sa mai walda ya yi wa gadon shinge na ƙarfe ta gefen da yake sulalewa. Ki kuma roƙi matan zumunta su riƙa zuwa tun da sassafe, tunda lokacin ne abin ke tashi.

Game da ɗayan tsoron naki, ba zan ɓoye miki ba, ni ma ina da shi. Ki tuna gidanmu. Mama, Allah ya ba ta hutawa, ita ke tara mu, ita ke karatu, ita ke addu'a. Baba yana zaune a gefe, nasa amin ne kawai, shi ma a ciki-ciki. A coci kujerar baya ce tasa. Ban taɓa jin an ce ya yi addu'a ya yi ba. Gari bai gama wayewa ba ya tafi shago. Mutum ne nagari, bai ci haƙƙin kowa ba, amma aiki ne ya ci ransa. Saboda haka a ƙara addu'a a kansa, kada a rage.

Na yi magana da likitan kamfaninmu. Ya ce irin wannan ciwo yakan taɓa ƙwaƙwalwa, kuma akwai asibitin da ke kula da masu ruɗewa, inda za a ba shi maganin da zai kwantar da shi. Na nemi gado, an yi mini alkawari. Ƙarshen wata zan zo da mota in kai shi. Na san ba za ki so ba, amma ke ma mutum ce, ba ƙarfe ba.

Ki gaida Fasto, ki ba shi haƙuri a madadina.

Yayanki

*

Zuwa ga Goggona ta kaina,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafa, ya kunnen? Na san in na buga waya sai dai ki yi ta cewa "Wa ke magana?" har kati ya ƙare, don haka ga takarda, ki sa tabarau.

Kin ji ciwon ƙanenki, amma ba ki ji sauran ba. Kullum da sassafe sai ya sulale daga gado ya faɗi a gwiwa, in an ɗaga shi ya yi ta nuna ƙofa yana gurnani, in an fitar da shi ya ƙi. Ya watsa wa Fasto ruwa ana cikin addu'a. Yaya ya ce a yi wa gadon shinge, an yi. Goggo, da kin ga idonsa ranar da mai walda ya gama ɗaura ƙarfen nan, da kin yi kuka. Ya shafa shi da hannun hagu, ya dube ni, ya juya fuska bango.

Yanzu matan zumunta tun da sassafe suke zuwa, kamar yadda Yaya ya ce. Su kewaye gadon, shugabarsu ta ɗaga murya, sauran su amsa. Shi kuma ya kama ƙarfen ya yi ta jijjiga har gumi ya keto masa. Su ƙara murya, ya ƙara jijjiga. In sun gaji sun tafi sai ya kwanta laƙwas, ya ƙi abinci, ko cokali na kai bakinsa sai ya datse haƙora. Ya rame har agogonsa na zamewa zuwa gwiwar hannu.

Ƙarshen wata Yaya zai zo da mota ya kai shi asibitin masu taɓin hankali, a riƙa ɗura masa maganin barci. Kin san Yaya, in ya ce ƙarshen wata to ƙarshen wata ne. Ni kuma zuciyata na gaya mini in Baba ya fita daga gidan nan a haka, ba zai dawo da ƙafarsa ba, ba zai ma dawo ba.

Tambaya ɗaya zan yi miki, don ke kaɗai kika rage wadda ta san shi tun yana yaro. Ki gaya mini gaskiya ko da ɗaci. Baba ya taɓa ba da gaskiya da zuciyarsa kuwa, ko dai bin Mama kawai yake yi zuwa coci don a zauna lafiya? Ina kunyar tambayar, amma ta hana ni sakat.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaida mutan gida.

'Yarki,
Auta

*

Zuwa ga 'yata Auta,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ke. Ƙafa tana nan tana ba ni umarni, kunne kuma ya yi ritaya kafin ni. Na karanta takardarki, na yi kuka, sannan na yi dariya har jikata ta leƙo ta ga ko ni ma na taɓu.

Kai, 'ya'yan Shiru-shiru, Allah ya shirye ku! Haka muke kiran ubanku tun yana ƙarami, Shiru-shiru. Ke da yayanki Injiniya kun yi karatu, amma ku zo nan in ɗora muku.

Muna yara gidanmu cike yake, ko wurin juyawa babu. Ubanku yana saurayi sai ya ɗauki wata ɗabi'a, da sassafe ya shige ɗakin ajiya ya turo ƙofa. Ni da nake riƙe da girki na ce lallai sata yake mini. Na laɓe na leƙa. Sai na gan shi a durƙushe, goshi a kan buhu, yana magana da Allah ƙasa-ƙasa kamar mai hira da aboki. Da bakin nan nawa da ba ya riƙe ruwa na je na ba da labari a tsakar gida. Ya daɗe bai yi mini magana ba, kuma a ranar na koyi cewa wannan abu nasa ba na kallo ba ne.

Da ya auri uwarku, ba a jima ba ta zo mini da hawaye, wai mijinta na fita tun kafin gari ya waye, ita dai tana zargin akwai wata. Na ce ki bi shi mana. Ta bi shi har shago. Ta tarar ya sa sakata ta ciki. Ta leƙa ta tsagar katako, ga mijinta a durƙushe gaban teburin aiki, a cikin garin katako. Ta dawo tana dariya tana share ido, muka yi alkawari ba mai tayar masa da maganar. Shagon nan da kuke cewa yana sammakon buɗewa, sammakon rufewa yake yi. Ke da kike tela, wandunansa nawa kika yi wa faci a gwiwa? Kina ta cewa aikin kafinta ne, ko?

To ga mutum ya shekara da shekaru bai taɓa fara yini ba sai ya gana da Ubangijinsa shi kaɗai. Ciwo ya kayar da shi, ya lallaɓa ya kai gwiwa ƙasa, kuka yi ihu kuka ɗaga shi. Ya nuna muku ƙofa ku fita, kuka fitar da shi. Kuka kawo masa taron mata, kuka ƙara da ƙarfe. Ni da ni ce, ba kofi ba, tulu zan jefa wa Fasto, Allah ya gafarta mini.

Ban ce addu'ar jama'a ba ta da kyau ba, su ci gaba, Allah ya saka musu. Amma wadda ake yi maka daban, wadda kake yi da kanka daban. Ko ruwa ne ai wani ba ya sha maka. Ubangijinmu ma, da taro ke binsa ko'ina, yakan zame ya tafi inda ba kowa.

Mai yiwuwa na yi kuskure, tsufa ba ya rasa shirme. To ki tambaye shi mana. Bakinsa ne ya mutu, ba kunnensa ba. Na yi aikin ungozoma har gashina ya yi fari, abin da ya fi ba ni haushi shi ne a tsaya a kan majinyaci ana maganarsa kamar ba ya wurin.

Sannan ke. Kin ce in sa ku a addu'a, kuna ciki kullum. Amma duk tsawon takardarki na ga addu'ar Fasto, na ga ta mata. Taki fa, ina kika ajiye ta?

Ki rubuto mini da wuri, kada ki bar tsohuwa da zullumi.

Goggonki

*

Goggona,

Gaisuwa a gurguje. Kin yi gaskiya! Wayyo Goggo, kin yi gaskiya.

Ina gama karanta takardarki na shiga ɗakin, na ja kujera na zauna daidai fuskarsa. Na ce, "Baba, in tambaye ka?" Ya dube ni ta wutsiyar ido. Na ce, "Da safen nan da kake nuna ƙofa, so kake mu fita mu rufe maka ita, ka yi addu'arka?" Sai ya runtse ido. Hawaye ya gangaro ta gefen da ya karkace, ya kamo wuyan hannuna ya matse har na ji zafi, yana ta gyaɗa kai. Na ce, "Ka yafe mana, Baba, ba mu sani ba." Ya saki hannuna ya ɗan dungure mini kai, irin na da.

Da likitar da ke zuwa motsa masa gaɓoɓi ta zo, na gaya mata komai. Ta ce durƙuso kam a manta da shi tukuna, ƙafar ba za ta ɗauka ba. Amma ta nuna mini dabara. Mu zaunar da shi a kujera mai hannu, mu matsa ta jikin gado ta gefen da ba shinge, mu tara matasai a gabansa ya kifa goshi, mu tokare ɓarin dama da wani matashin. Sandarsa kuma a hannun hagu, in ya gama ya buga ƙasa.

Washegari muka gwada. Na shirya shi tsaf, na fita, na ja ƙofa. Amma zuciya ta ƙi, sai na bar 'yar kafa wadda ido ɗaya zai shiga. Na sa ido ke nan muka yi ido huɗu, ashe shi ma kafar yake kallo. Goggo, wa ya gaya mini ana yi wa kafinta wayo da ƙofa? Ya ɗaga sandar ya nuna ni. Na ja ta har ta ce ƙyas.

Na tsaya a falo na kasa kunne. Shiru. Na ce a raina ya faɗi. Na ce a'a, da na ji ƙara. Ana haka sai ga matan zumunta a bakin ƙofar gida. Na tare su, na ce yau Baba na da baƙo, su dawo da hantsi. Shugabarsu ta ce, "Wane baƙo ne ya fi addu'a?" Na ce, "Mama, wanda ake yi wa addu'ar ne da kansa." Ta dube ni sama da ƙasa, ta gyara ɗaurin kallabi, suka juya. Na san ban gama jin wannan magana ba.

Can sai na ji ƙwas, ƙwas. Na shiga a guje. Yana zaune, matashin ya jiƙe, fuskarsa kuwa ta saki kamar wanda ya sauke kaya daga ka. Ya nuna bakinsa. Abinci yake so! Ya cinye tas, ya nuna kwanon a ƙara.

Tun ranar ba rigima. Da la'asar Fasto ya zo yana ɗan ja da baya daga inda kofi yake, Baba da kansa ya miƙa masa hannu, ya riƙe har aka ce amin. Da na ba Fasto labari sai ya ce shi aka yi wa wa'azi yau.

Tambayarki ta ƙarshe kuwa ta zauna mini a rai. Da farko gadin ƙofa nake yi. Yanzu in na rufe masa sai in ga ba ni da abin yi, keken ɗinki zai dame shi, shara ma haka. Sai in shiga nawa ɗakin. Ban iya tsara magana kamar shugabar mata ba, amma ina faɗin abin da ke raina, ina kuma fitowa da sauƙi.

Saura Yaya. Na aika masa takarda, ban san ko ta same shi ba.

'Yarki mai godiya,
Auta

*

Auta,

Bayan gaisuwa. Ban ga wata takarda daga gare ki ba. Abin da ya iso mini saƙo ne daga ɗaya cikin dattawan coci, cewa kin kori matan zumunta daga ƙofar gida, kina kuma kulle majinyaci shi kaɗai a ɗaki. Na karanta na sake karantawa, na kasa yarda.

Idan gajiya ce ta kai ki ga haka, ban ga laifinki ba, laifina ne da na bar miki kayan ke kaɗai. Amma ba zan zauna a nan in jira a aiko mini cewa an tsinci Baba a ƙasa ba. Ba zan jira ƙarshen wata ba. Na karɓi izini, na sami mota, ina tafe ranar Asabar. Ki haɗa masa kayansa da takardun asibiti.

Allah ya sa mu gana lafiya.

Yayanki

*

Zuwa ga Goggona,

Gaisuwa da murna. Ki gyara zama, yau labarin mai daɗi ne.

Injiniyanki ya iso ranar Asabar da yamma, fuska a murtuke, ko ruwa bai sha ba ya ce ina kayan Baba. Na ce ban haɗa ba. Ya ce, "Auta, ban zo wasa ba." Na ce, "Ni ma, Yaya. Ka ba ni safiya ɗaya. In ka ga abin da bai yi maka ba, ni da kaina zan sa shi a mota." Na miƙa masa takardarki. Ya karanta a tsaye. Da ya kai wurin Mama da tsagar katako sai ya nemi kujera. Duk da haka ya ce, "Labari daban, faɗuwa daban." Na ce na ji.

Da gari ya waye shi ya taya ni ɗaga Baba zuwa kujera. Ya duba matasan nan ɗaya bayan ɗaya, ya girgiza kujerar, ya duba ƙafafunta, kamar madatsar ruwansa ce za ta ɓalle. Baba ya ƙyale shi ya gama, sannan ya nuna masa ƙofa. Yaya ya dube ni. Na ce, "Kai ake nufi, har da ni."

Muka fito na rufe. Goggo, da kin ga babban mutum, mai ba ɗaruruwan ma'aikata umarni, yana kai da komo a falo kamar mijin mai naƙuda. Ya kai kunne jikin ƙofa, na janye shi da riga. Ya ce, "Ba na jin komai." Na ce, "Ai ba da kai ake ba." Ya ce, "In ya faɗi fa?" Na ce, "Za mu ji." Ya zauna, ya tashi, ya sake zama. Daga baya ya sunkuyar da kai ya rufe ido, ban tambaye shi abin da yake yi ba.

Da sandar ta buga shi ya riga ni shiga. Ya tarar da Baba zaune, ido wasai. Ya durƙusa a gabansa ya ce, "Baba, ni na sa a yi ƙarfen nan. Ni na ce ba ka addu'a." Muryarsa ta karye a nan. Baba ya ɗora masa hannun hagu a ka, ya bar shi a wurin har Yaya ya gama kukansa. Sannan ya ɗaga sanda ya ƙwanƙwasa shingen gadon.

Yaya ya aro sukuddireba da sifana wurin mai gyaran rediyo, ya tuɓe riga ya hau kwancewa. Baba na kallon yadda ya riƙe sukuddireban yana yamutsa fuska yana girgiza kai, har sai da Yaya ya ce, "To Baba, ba kai ka koya mini ba?" Baba ya yi wani sauti, na rantse dariya ce. Rabona da jin dariya a ɗakin nan tun kafin ciwon.

Motar ta koma da Yaya da direba kawai. Kafin ya tafi ya je ya ga likitar, ta tabbatar masa hankalin Baba garau yake. Ya kuma bi ta gidan shugabar mata ya ba ta haƙuri da bayani. Yanzu da hantsi suke zuwa, kuma sun rage murya. Ita shugabar har ta ja ni gefe ta tambaye ni wai wane lokaci ne Baba ke rufe ƙofar, don ita ma gidanta jikoki ba sa barin ta ta ji kanta.

Numfashi nake yi yanzu, Goggo, har ƙasan ciki. Allah ya ƙara miki kwana, ya bar mana bakin nan naki da ba ya riƙe ruwa.

'Yarki,
Auta

*

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba. Na iso lafiya.

Wata tambaya ce, kada ki yi mini dariya. A nan mu da yawa ne a ɗaki, don haka kafin a fara aiki nakan shiga motar kamfani in ɗaga gilashi in zauna. Sai dai in na rufe ido kalmomi ba sa zuwa. In fara, in kakare, in ji kamar ina ɓata wa Allah lokaci. Ke da kike kusa, kin taɓa jin abin da Baba ke cewa a ciki? Yaya yake farawa?

Naki,
Yaya

*

Yayana,

Gaisuwa mai yawa. Ban yi dariya ba. Baba lafiya, ya fara ɗan taka ƙafar in an riƙe shi.

Ban san abin da yake cewa ba, kuma ba zan nema ba. Abin da na sani shi ne har yau ko ruwa ba ya iya kira da sunansa, amma bai fasa ba ko safiya ɗaya. Ka fi shi kalmomi nesa ba kusa ba. Gobe ma ka shiga motar, ka ɗaga gilashi, ka zauna.

Ubangiji ya sadu da kai a can.

Taka,
Auta